Fakin da Baba Yake Nufi

Mahaifina direba ne, ya fi shekara talatin yana jigila tsakanin Daura da Zango da Baure. Motarsa ta ƙarshe tsohuwar wagon ce mai dogon baya, wadda aka yi wa fenti sau uku har ba wanda yake tuna kalarta ta asali. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ni aka miƙa wa makullin, domin ni ne babban ɗansa namiji, kuma kowa ya ɗauka na san mota ciki da waje tunda na taso ina bin sa. Tuƙi na iya. Gyara ne ban iya ba. Duk shekarun da yake buɗe bonet yana cewa in matso in gani, jikina ne kawai a wurin, hankalina yana filin ƙwallo. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba.

Ciwon ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya kuma karya masa harshe. Doguwar magana ba ta fita daidai, sai ya yi ta jan ta har ya gaji ya bari. Kalma ɗaya-ɗaya ce take fita sarai: ruwa, salla, to. Ɗan ajamin da yake rubutawa ma ya tafi tare da hannun. Kunnensa kuwa ba abin da ya same shi. Kullum da safe ni da Inna, mahaifiyata, mukan fito da shi zaure mu zaunar da shi a kujerarsa, inda yake hango darbejiyar da nake ajiye motar a ƙarƙashinta.

Wata safiya na tayar da motar, sai na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin kukan injin, tsit-tsit-tsit, kamar ana taka keken ɗinki a maƙwabta. Da injin ya ɗauki zafi sai sautin ya ɓace. Na leƙa zaure zan yi sallama, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna motar.

“Fakin,” ya ce.

A bakin makanikai da tsofaffin direbobi, fakin shi ne wani siririn abu mai ramuka da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarafa biyu na inji don kada iska ta sami hanyar sulalewa. Matasan yanzu gasket suke ce masa. Akwai wani ƙarfe mai rassa huɗu da yake manne a gefen inji, shi yake tattara hayaƙi ya tura wa salansa, sunansa manifol. Idan fakin da ke tsakaninsa da inji ya ƙone, hayaƙin sai ya riƙa fita ta nan, yana wannan ƙarar, yana kuma shiga cikin mota. Iya abin da na sani ke nan, kuma ya ishe ni in gane Baba nan take.

Amma a bakin sauran mutane, fakin ajiye mota ne.

Inna tana tsaye da kwanon kunu a hannu. Ta ce, “Me yake cewa?”

Na ce, “Wai ban yi fakin daidai ba.”

Na koma na ja motar baya kaɗan, na daidaita ta da jikin bishiya. Inna ta yi dariya ta ce, “Malam, kai dai ka bar mota amma faɗan mota bai bar ka ba.” Baba ya dube ni, ya sake buɗe baki, sannan ya rufe.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi haka. Amsar ba ta da kyau. Idan na ce na gane, dole in gyara. In na ce zan gyara da kaina, zai zauna yana kallona, ya ga ban san inda ake farawa ba. In na kai gareji kuma, wurin tsohon abokinsa makanike zan kai, wanda muke kira Oga, kuma kafin azahar duk tashar za ta ji cewa ɗan gidan ba ya iya canza fakin. Sannan akwai wani abu a ƙasan wannan. Na gaji da gyaran da yake yi mini tun ina yaro, yadda nake riƙe sitiyari, yadda nake sakin kuloci. Yanzu da ba ya iya kai ƙarshen magana, sai na ji wani sauƙi a raina. Allah ya gafarta mini.

Kashegari ya sake faɗa, na sake gyara ajiyar motar. Haka muka ci gaba har abin ya zama wasa a gidan. Idan Yaya, babbar yayata da ke aure a wata unguwa, ta zo gaishe shi, sai ta ce, “Baba, yau an yi fakin daidai kuwa?” Daga baya dariyar ta ragu, aka fara magana ƙasa-ƙasa cewa tunaninsa ya soma taɓuwa. Ranar da muka kai shi asibiti ganin likita, Yaya ta ce, “Likita, akwai kalmar da yake maimaitawa kullum, ko an yi abin da ya ce sai ya sake.” Likita ya rubuta. Ina zaune a gefen Baba, ina riƙe da hularsa.

Ƙarar ta daina ɓacewa ko injin ya yi zafi. Fasinjoji suka fara cewa motar tana wari, ni kuma in ce su sauke gilashi. Lokacin bazara ne, dama ba mai rufe gilashi. Haka na lallaɓa har damina ta sauka.

Baba yana da yaya mace guda ɗaya, Gwaggo, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aure ya kai ta Babban Mutum tun kafin a haife ni. Duk shekara bayan girbi yakan je ya kwana biyu a wurinta, ya dawo da gero da kuka a bayan mota. Tun da ya kwanta ba su ga juna ba. An gwada waya, amma ita kunnenta ya yi nauyi, shi kuma harshe ya ƙi, sai kowannensu ya riƙe waya a kunne, ita tana ta cewa “Iye? Iye?” har a kashe.

Ranar wata Litinin ɗiyarta ta kira ta ce jikin Gwaggo ya yi tsanani, kuma ba abin da take nema sai a kawo mata ƙanenta. Inna ta gaya wa Baba. Ya ce, “To,” ya fara laluben takalminsa da ƙafar hagu.

Ba ya iya doguwar tafiya a zaune, saboda haka ranar Talata da safe na kwantar da kujerar baya na shimfiɗa katifa. Inna da Yaya suka zauna a gefensa. Mun fita daga gari kaɗan a kan hanyar Zango sai ruwa ya sauko da iska, dole aka ɗaga gilasai. Ba a jima ba warin ya cika motar, idona ya fara yaji. Dama tun da ciwon ya kama Baba ƙirjinsa bai da ƙarfi. Ya fara tari, tarin ya ƙi tsayawa, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. A tsakanin tarin na ji shi.

“Fakin. Fakin.”

Yaya ta daki bayan kujerata. “Kai, ba ka ji ba ne? Baba ya ce ka yi fakin.”

Na gangara gefen hanya kusa da wata gonar gero, na zagaya na buɗe ƙofar baya don ya sami iska. Ruwa yana zuba a kan ƙafafunsa, Inna tana yi masa fifita da gefen mayafinta. Da numfashin ya ɗan dawo, bai dubi Inna ba, bai dubi Yaya ba. Ni ya duba. Muka juyo gida da gilasai a sauke, an lulluɓe shi da zane.

Mijin Yaya ya zo da ya ji labari. Ya ce yana da aboki mai bas, in an cire kujera ɗaya Baba zai kwanta sosai, zai kira shi yanzu. Da na yi shiru kawai, da an tafi a ranar. Amma na ga in wata mota ta kai Baba, kowa zai tambayi me ya sami tamu, kuma tun yaushe.

Na ce, “Motar Baba ce za ta kai Baba. Ƙaramin abu ne, yau zan gama.”

Inna ta ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Na sayo sabon fakin a shagon kayan mota, na ɗauko akwatin kayan aikin Baba. Shi yana kwance a ɗakinsa na kusa da zaure, tagar tana kallon bishiyar. Na tuna yakan ɗiga man birki a kan noti mai tsatsa, na yi hakan, notunan guda takwas suka kwance. Tsohon fakin ya fito gutsi-gutsi, baƙi ƙirin, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na kankare wurin, na sa sabon, na mayar da manifol. Har na fara jin ashe abin ba wuya.

Na fara ɗaurewa daga gaba. Na ɗaure na farko tamau, na biyu tamau, ina tafiya baya. Da na iso na ƙarshe sai na ga ƙarfen bai kwanta ba, akwai ɗan tsaga. Na ja sifana, ta ƙi. Na samo guntun bututu na zura a hannun sifanar na danna da nauyin jikina. Sai na ji ƙas, hannuna ya tafi a banza. Notin yana cikin bakin sifana, tare da guntun sandar ƙarfen da ake ɗaura shi a kai, wadda makanikai ke kira sitod. Sauran ya karye a cikin kan injin.

Tarin da nake ji ta taga ya tsaya na ɗan lokaci.

Inna ta leƙo ta ce, “An gama?”

Na ce, “Saura kaɗan. Gobe da safe.”

Ranar Laraba na sake kwance komai, na wuni da ƙusa da guduma ina ƙoƙarin juya guntun da ya maƙale. Duk dukan da na yi sai ya ƙara baje kansa, na kuma farfasa bakin ramin. Da azahar mijin Yaya ya tsaya da babur ɗinsa, bai ko kashe ba.

“Injiniya, yaya dai? Kai kake gyaran motar ko ita take gyaranka?”

“Abin da suka ba ni a shago ne bai yi daidai ba, na canzo wani.”

“In kira mai bas ɗin nan? Yau yana gari, gobe Mashi zai tafi da kaya.”

“Ba sai ka kira ba. Gobe da sassafe za mu wuce.”

“To, Allah ya sa goben nan taka tana da rana.”

Da yamma ɗiyar Gwaggo ta sake kira, ni na ɗauka. Ta ce Gwaggo ta daina cin abinci, kuma duk motar da ta wuce ta bayan gida sai ta ce a leƙa ko shi ne. Na ce muna nan tafe gobe in sha Allah. Na kashe wayar na koma na ɗauki guduma, domin ban san abin da zan ɗauka ba in ba ita ba.

Ranar Alhamis da safe na tafi garejin Oga. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗaura jakarsa a babur ya biyo ni. Kafin ya dubi motar sai da ya shiga zaure ya durƙusa gaban kujerar Baba.

“Mutumina, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?”

Baba ya kama hannunsa ya ce, “Fakin.”

Oga ya yi dariya. “Ka ji shi. Kana zaune a nan kana sauraren inji. Gaskiyarka ce, ai ni ma duk sanda motar nan ta wuce ta gaban gareji ina jin ta tana tsit-tsit, ina cewa yaushe za su kawo ta.”

Inna tana bayan ƙofar tsakar gida. Ta ce, “Oga, wane fakin kuma?”

Ya yi mata bayani a taƙaice, kamar yadda ake yi wa wanda bai san mota ba. Sannan ya ce, “Ya daɗe yana faɗa ne?”

Inna ta ce, “Tun kafin azumi.”

Na ji takunta ta koma ciki.

Oga ya sunkuya a kan injin, ya shafa bakin ramin da yatsa, ya daɗe yana kallo. “Daga ina ka fara ɗaurewa?”

“Daga gaba.”

“A gidan nan ka tashi kuwa? Daga tsakiya ake farawa. Kaɗan nan, kaɗan can, ka zagayo sau uku, ƙarfen ya kwanta da kansa. Ubanka ya fi ni yin faɗa a kan wannan.” Ya nuna ramin. “Da ka kira ni shekaranjiya, noti zan sa mai walda ya liƙa a kai, mu juya shi ya fito kafin shayi ya huce. Yanzu ka dake shi ya shige. Sai hudawa. Kuma kan injin nan ba shi da tauri, in hannu ya goce, sai an sauke shi gaba ɗaya.”

Babu wuta a unguwar, sai da aka aro janareta. Da aka tayar, ruwa ya sauko, aka kashe, aka jira. Da ya tsagaita Oga ya fara hudawa a hankali, ya huda kaɗan, ya tsaya, ya busa, ya duba. Bakin abin hudar ya dakushe, ya koma gareji neman wani. Ni aikina riƙe leda a kan bonet. Na tambaye shi ko za a gama yau, ya ce, “Ka tambayi ƙarfen.”

Inna ba ta jira ni ba, ta aika wa mijin Yaya da kanta. Bas ɗin yana Mashi, sai dare zai dawo. Aka nemi wata, ƙananan motoci ne kawai, waɗanda Baba ba zai iya miƙewa a ciki ba. Aka tsayar da magana a kan Juma’a bayan sallar asuba.

Kafin la’asar wayar Inna ta yi ƙara. Daga inda nake tsaye da leda a hannu na ji salatin Yaya a tsakar gida. Gwaggo ta rasu, an ce za a yi jana’iza kafin magariba. Mijin Yaya ya hau babur nan take don ya samu. Na ajiye ledar zan bi shi, sai Inna ta fito zaure. Maganarta ta farko ke nan gare ni tun safe.

“Ka tsaya ka gama abin da ka fara.”

Ita ta gaya wa Baba. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un,” tun daga farko har ƙarshe ba inda harshensa ya sarƙe.

Sai Juma’a da hantsi guntun ya fito. Oga ya sake fitar da haƙoran ramin, ya ɗaura sabon sitod. Fakin da na sa na riga na murƙushe shi, aka sayo wani. Da aka zo ɗaure notuna sai ya miƙo mini sifana.

“Ba ni zan ɗaure ba. Je ku fito da shi.”

Muka ɗauko Baba da kujerarsa muka ajiye a gindin darbejiya, daf da motar. Ya miƙa hannun hagu ya nuna notin tsakiya na sama. Na ɗan juya, ya ɗaga yatsa, na tsaya. Ya nuna na ƙasa. Daga nan na dama, sannan na hagu, muna buɗewa zuwa gefe. Muka zagayo sau uku. Abin da na guje wa wata da watanni bai kai tsawon cin tuwo ba. Na tayar da motar, injin ya yi kukansa shi kaɗai, ba keken ɗinki a ciki. Baba ya karkata kai yana saurare, sannan ya nuna a mayar da shi ciki.

Ranar Asabar muka tafi sadakar uku. An yi ruwa a hanya, gilasai a rufe tun daga Daura har Baure, bai yi tari ko sau ɗaya ba. A Babban Mutum aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan, mutane suna zuwa suna yi masa ta’aziyya, yana cewa “To, to.” Ɗiyar Gwaggo ta kawo masa ƙullin kuka, ta ce tun rani Gwaggo ta daka ta ajiye masa. Wani dattijo ya ce mini, “Sannu da ƙoƙari, mun ji mota ce ta ba ku matsala.” Na ce, “Eh.”

A hanyar dawowa muka tsaya a Zango don sallar la’asar. Inna da Yaya suka shiga wani gida yin alwala, aka bar ni da shi. Na buɗe ƙofar baya na tsuguna a wajen kansa. Na ce masa na gane tun ranar farko. Na ce na san fakin da yake nufi, da gangan na juya maganar, na bari ana cewa ya rikice alhali ya fi mu duka hankali, kuma ni na hana shi ganin Gwaggo. Na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya kama wuyan hannuna da hannun hagu, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Sai ya fara magana. Tun da ciwon ya same shi ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba. Yana yi yana tsayawa ya haɗiye yawu ya ci gaba, idonsa a kaina, muryar tana hawa tana sauka. Na kusantar da kunnena har ina jin numfashinsa. Na saurara da duk abin da nake da shi. Ban kama kalma ko ɗaya ba. Ban san ko yafewa ce ba, ko faɗa ne, ko labarin Gwaggo yake ba ni. Bai sake yin irin wannan maganar ba har Allah ya karɓi ransa a daminar da ta biyo.

Da ya gama ya saki hannuna yana jiran amsa. Na hango su Inna sun fito suna gyara mayafi.

Na ce, “To, Baba.”

Abin da nake ce masa ke nan duk sanda ban gane ba, kuma ya san haka.